Tsibirin Lamu a Watan Maulidi: Ziyara ce ko Shan Iskar Teku?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina tara ɗan abin da Allah ya hore domin in fita da iyalina waje, kuma wurin da zuciyata ta karkata gare shi shi ne tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, wanda wani abokin aikina ɗan ƙasar ya daɗe yana ba ni labarinsa. Mu shida ne: ni da maiɗakina da yara uku, sai mahaifiyata wadda ta haura shekara sittin da biyar. Ita Hajiya, tun da ta ji cewa ana gagarumin Maulidi a garin, kuma akwai kabarin wani waliyyi da ake ziyarta, ba ta da wata magana sai ta wannan. Maiɗakina da yaran kuwa ba su taɓa ganin teku ba, burinsu su taka rairayin bakin ruwa. Abin da ke damuna shi ne ko waɗannan buƙatu biyu za su haɗu a tafiya ɗaya ba tare da ɗaya ta ɓata ɗaya ba. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa, musamman game da lokacin da ya fi dacewa, da tsaro, da kuma ko dattijuwa za ta iya jure zirga-zirgar wurin.

Ɗalibi_a_Mombasa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na je Lamu sau uku daga nan inda nake karatu, don haka bari in fara da hanya. Tsibirin yana arewacin gaɓar Kenya, ta wajen iyakar Somaliya, cikin rukunin tsibirai da suka haɗa da Manda da Pate. Filin jirgin sama ba a kan Lamu yake ba, yana kan Manda, kuma idan kun sauka za ku taka kaɗan zuwa bakin ruwa, ku shiga kwalekwale mai inji ya tsallaka da ku cikin kamar minti goma. Jirage suna zuwa daga Nairobi da Mombasa da Malindi. Akwai kuma hanyar mota daga Mombasa, ta Malindi da Garsen da Witu har Mokowe, inda titi ya ƙare a shiga jirgin ruwa, amma tafiya ce ta kusan yini guda, kuma da dattijuwa da yara ba zan ba ka shawararta ba. Ka kula cewa wasu daga cikin ƙananan jiragen da ke zuwa Manda ba sa yarda kayan mutum ɗaya su wuce kilo 15, kuma ka tanadi katin rigakafin cutar shawara na kowa da kowa kafin ku baro gida.

Malamin_Tarihi:
Malam Baban Sadiq, waliyyin da Hajiya ta ji labarinsa shi ne Habib Salih bin Alawi Jamalul Laili, wanda mutanen wurin ke kira Habib Swaleh. Sharifi ne da asalin gidansu ya fito daga Hadramaut ta ƙasar Yaman, amma a tsibiran Komoros aka haife shi a tsakiyar ƙarni na 19, ya zo Lamu ya zauna, ya yi suna da karantarwa da kuma maganin gargajiya, har ya rasu a shekarun 1930. Shi ya kafa masallaci da makarantar Riyadha, wadda ta yaye malamai masu yawa da suka bazu a Gabashin Afirka. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya zauna da su. A zamaninsa garin ya rabu tsakanin masu asali da dukiya, mazauna gidajen dutse, da kuma bayi da 'yantattu da masu hawa bishiyar kwakwa, waɗanda ke zaune a gefen gari. Sai ya kafa makarantarsa a ɓangarensu, ya jawo su cikin karatu da Maulidi, ya kuma yarda a kaɗa bandiri a cikin masallaci, abin da manyan gari suka ƙi amincewa da shi da farko. Maulidin da ake karantawa a Riyadha shi ne Simɗud Durar na Habib Ali al-Habshi, malamin garin Sai'un a Hadramaut, kuma daga masallacin wannan malami aka ɗauko sunan Riyadha. Ana yin babban taron ne a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal, ba ranar sha biyu ga wata ba, saboda haka ka lura da wannan wajen sayen tikiti.

Abu_Ammar:
Ɗan'uwa, ina yi maka nasiha saboda Allah, kuma ba da nufin ɓata wa kowa rai ba. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura sirdin tafiya domin ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus. Kuɗin da za ka kashe wajen kai mutum shida Kenya, idan manufar ita ce lada, zai kai Hajiya Umra har a sami saura. Idan kuwa manufar ita ce ganin ƙasar Allah da sanin tarihin Musulmin wannan yanki, ban ga laifin wannan ba, amma sai ka zaɓi wani wata dabam, ka kuma kira tafiyar da sunanta.

Muridin_Ƙofar_Mata:
Malam Abu Ammar, wannan hadisi malamai sun yi masa fassara fiye da ɗaya, kuma da yawansu sun fahimce shi a kan fifikon masallatai, wato kada a yi doguwar tafiya zuwa wani masallaci da zaton salla a cikinsa ta fi ta sauran. Ba su ɗauke shi a matsayin hana ziyartar bayin Allah ba. Mutanenmu suna zuwa Hubbare a Sakkwato, suna zuwa Kaulaha, kuma ba jahilai ba ne. Ni na halarci Maulidin Lamu sau ɗaya, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Da yammacin ranar jerin gwano, wanda suke kira zefe, ƙungiyoyin makarantu da masallatai suka fito cikin fararen riguna, kowace da tutarta da masu bandirinta, aka nufi maƙabartar da Habib Salih yake, aka yi addu'a, sannan aka biyo ta bakin ruwa ana bege. Duk wanda ya san Maukibin Ƙadiriyya a Kano ba zai ji baƙunta ba. Wani dattijo da ya zo daga Komoros ya riƙe hannuna muka yi tafiya mai nisa tare, ba ya jin harshena, ba na jin nasa, salati kawai muke yi.

Abu_Ammar:
Ban kira kowa jahili ba, kuma ina girmama iyayenmu da ke yin haka. Amma ka sani wannan saɓani har a can yana nan, domin a gaɓar Kenya akwai malamai da masallatai da ba sa yin Maulidi, suna kuma wa'azi a kan haka. Kada a nuna wa mai tambaya kamar kan Musulmin wurin a haɗe yake.

Dattijon_Zango:
'Ya'yana, kowannenku ya faɗi hujjarsa cikin ladabi, kuma wannan mas'ala ta girme mu duka. Yaron nan bai tambaye mu hukuncin Maulidi ba. Mahaifiyarsa ta riga ta san abin da take so, shi kuma yana neman yadda zai faranta mata tare da iyalinsa. Ina roƙon matan da suka taɓa zuwa su yi magana, domin rabin tambayar tasu ce.

Maman_Ilham:
Na gode, Baba. Mun je da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu, muka yi kwana shida, uku a tsohon gari, uku a Shela. Shela ƙauye ne da ke kamar kilomita uku daga garin Lamu, ana zuwa a ƙafa ta bakin ruwa cikin minti arba'in ko a kwalekwale, kuma daga nan rairayin yake farawa, ya miƙe kusan kilomita 12, da manyan tuddan yashi a bayansa. A cikin garin Lamu kansa babu wurin wanka, bakin ruwan duk na jirage ne da 'yan dako. Gaskiyar da zan gaya wa matar Baban Sadiq ita ce, a farkon rairayin, kusa da masaukan baƙi, za ta ga Turawa cikin kayan wanka irin nasu, kuma akwai otal-otal da ke sayar da giya. Ranar farko na ji nauyin abin ƙwarai saboda yaran. Washegari sai muka fita bayan sallar asuba, muka yi tafiyar kamar minti ashirin gaba, muka sami wurin da babu kowa sai ƙananan ƙaguwa da ke gudu suna shigewa rami idan sun ji motsin ƙafa. Na shiga ruwa da doguwar rigata da hijabina har gwiwa, ƙaramar 'yata ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta kai baki, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama, wa ya zuba masa gishiri?" Da yamma kuma matan garin da kansu suna fitowa da baƙaƙen mayafansu da suke kira buibui, su zauna da yara a bakin ruwa, ba wanda ke kallon kowa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne igiyar ruwa. A bakin mashigin da ke tsakanin Shela da Manda ruwan yana da ja sosai idan teku tana cika ko tana janyewa, don haka yaron da bai iya iyo ba kada ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa, kuma kada a saki hannunsa.

Bazazzagiya:
Maman Ilham, Allah ya saka da alheri. Ni tambayata game da Hajiya ce, domin tawa mahaifiyar ma tana fama da ciwon gwiwa. Na ji an ce babu mota ko ɗaya a tsibirin. To yaya tsofaffi suke yi?

Maman_Ilham:
'Yar'uwa, wannan ita ce wahalar gaske. Lungunan tsohon garin ƙunci gare su, wasu idan jaki ya taho da mangala sai kin lafe a jikin bango ya wuce. Gidajen kuma dogaye ne, hawa biyu ko uku, matakalarsu a miƙe take, kuma ɗakuna masu iska galibi a sama suke. Duk wanda zai je da dattijuwa ya nemi ɗakin ƙasa tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma sa a turo masa hoton matakalar. Shiga kwalekwale ma sai an riƙe ta hannu biyu, musamman idan ruwa ya janye, domin matakalan bakin ruwa suna da santsi.

Ɗalibi_a_Mombasa:
Ƙaramin gyara ga maganar mota. Akwai 'yan ababen hawa na hukuma ƙalilan, kuma a shekarun nan 'yan acaɓa, waɗanda ake kira bodaboda, sun shigo suna aiki musamman ta bakin ruwa, abin da ya jawo gardama tsakanin matasan da ke neman abinci da masu son a kiyaye tsohon garin yadda yake. Amma har yanzu jaki ne ke ɗaukar yashi da bulo da buhunan kaya. Dubbai ne a tsibirin, har akwai asibitin jakuna a bakin ruwa da aka buɗe tun 1987. Daga bakin ruwa zuwa Riyadha tafiyar 'yan mintuna ce, sai dai akwai ɗan hawa, kuma a daren Maulidi filin gaban masallacin yana cika maƙil. Mata suna da ɓangarensu, saboda haka Hajiya ta je da wuri tare da surukarta, su tafi da tabarma ko ƙaramar kujera.

Ɗan_Damagaram:
Ni kuskuren da na yi zan ba da labari, don kada wani ya maimaita. Mutanen gaɓar nan suna ƙirga awa daga fitowar rana, wato ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Na shirya da wani mai jirgi zai kai ni kangon garin Takwa da ke tsibirin Manda, ya ce mini "saa tatu", na tambayi ma'anar tatu aka ce uku, sai na zo ƙarfe uku na rana. Ashe ƙarfe tara na safe yake nufi. Ya jira ni har ya gaji, kuma ba a iya shiga Takwa sai teku ta cika, domin ta wani siririn mashigi ake bi tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, idan ruwa ya janye sai taɓo. Na biya shi wani abu saboda lokacinsa da na ɓata, muka tafi washegari. Ban yi nadamar jiran ba. Gari ne da aka yi zamansa tsakanin ƙarni na 15 da na 17 sannan aka watse, ana cewa saboda ruwan rijiyoyinsu ya koma na gishiri, mutanen suka ƙaura zuwa Shela. Bangon masallacin Juma'arsu yana tsaye, da wani ginshiƙi a saman alƙibla, ga manyan kukoki sun kewaye wurin irin namu na gida. Na tsaya a gaban mihirabin da ba a yi salla a bayansa da jam'i ba shekaru ɗaruruwa, na tuna garuruwan da rashin ruwa ya tasa a ƙasarmu. Idan kun yi alkawari da kowa a can, ku nuna masa agogon waya ku tabbatar.

Injiniya_Gombe:
Ba wanda ya amsa tambayar tsaro, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Sunan Lamu na tsibirin ne, kuma na gundumar ne baki ɗaya, wadda ta haɗa da yanki mai faɗi a kan tudu, wato ɓangaren da ba tsibiri ba, har dajin Boni, inda mayaƙan Al-Shabab suka daɗe suna ɓuya. Harin Mpeketoni na watan Yunin 2014, wanda ya ci rayuka da dama, a kan tudu aka yi shi. Haka ma harin da aka kai sansanin soja na Manda Bay a Janairun 2020. A 2011 kuma an sace wasu baƙi Turawa a yankin tsibiran. Ni ba zan ɗauki uwata da 'ya'yana in kai su kusa da irin wannan wuri ba alhali ga Zanzibar.

Ɗalibi_a_Mombasa:
Injiniya, duk abin da ka lissafa ya faru, ba na musu. Amma ka lura da abin da kai da kanka ka faɗa, cewa manyan hare-haren a kan tudu suka auku. Shi ya sa gargaɗin tafiya da wasu ƙasashen Turai ke fitarwa yakan ware tsibiran Lamu da Manda daga sauran gundumar, ya ce a shiga ta jirgin sama. Mu da muka fito daga Arewa mun san yadda ake yi wa jiha guda kuɗin goro saboda abin da ke faruwa a wani daji mai nisa da birni. Ni na yi yawo a lungunan garin bayan sallar isha'i ban ga abin tsoro ba. Shawarata ita ce a bar hanyar mota, a kuma sake bincika halin da ake ciki mako guda kafin tafiya.

Injiniya_Gombe:
Na ji bambancin da ka kawo, kuma yana da ma'ana. Duk da haka ra'ayina bai sauya ba idan da yara ne.

Alaramma_Hadejia:
Akwai abin da ya kamata a shirya wa Hajiya tun daga gida domin kada ya ruɗa ta. Mutanen Lamu Shafi'awa ne. Za ta ji liman yana bayyana Bisimilla kafin Fatiha, kuma a sallar asuba za ta ga ana alƙunutu bayan an ɗago daga ruku'u, a bayyane, an ɗaga hannuwa ana cewa amin, saɓanin yadda muka saba a mazhabar Malikiyya, inda ake yin sa a asirce kafin ruku'u. Sallarta a bayansu ingantacciya ce. Na taɓa ganin wani bawan Allah daga wajenmu ya sunkuya zai yi sujada alhali jama'a suna tsaye suna alƙunutu, ya dawo cikin jin kunya. Sannan ba kowane masallaci ne ke da wurin mata ba, sai a tambaya tukuna.

Malamin_Tarihi:
Tun da Ɗan Damagaram ya kawo Takwa, bari in ƙara wani abu, domin Maulidin Riyadha sabon abu ne idan aka gwada shi da daɗewar Musulunci a waɗannan tsibirai. A Shanga, a tsibirin Pate, masu tonon tarihi ƙarƙashin Mark Horton sun gano masallatai da aka gina ɗaya a kan ɗaya, na can ƙasa ƙarami ne na itace, kuma an ƙiyasta shi a wajajen ƙarshen ƙarni na 8. Wato ana kiran salla a wannan gaɓa ƙarnoni da dama kafin zuwan Wangarawa Kano. Garin Lamu kansa an fi shekara 700 ana zaune a cikinsa ba yankewa, shi ya sa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ganuwar da ke tsakiyar gari, wato babban ginin tsaron garin, an gina ta tsakanin 1813 da 1821, bayan yaƙin Shela inda mutanen Lamu suka fatattaki rundunar Pate da ta Mombasa, daga baya kuma aka mayar da ita gidan yari har 1984. Masallacin Juma'a na Shela mai doguwar hasumiya na 1829 ne. Ku shiga gidan tarihi na bakin ruwa ku ga manyan ƙahonin sarauta guda biyu da ake kira siwa, ɗaya na hauren giwa, ɗaya na tagulla. Kuma ina so mai ziyara ya riƙe a ransa cewa dukiyar da ta gina waɗannan kyawawan gidaje da ƙofofi masu sassaƙa, da yawanta daga gonakin da bayi suka noma ta fito, kuma sai a 1907 aka soke bauta a gaɓar. Wanda ya san wannan zai fi gane girman abin da Habib Salih ya yi da ya zauna cikin waɗanda aka raina.

Uwar_Biyu:
Ni a Disamba muka je, ba lokacin Maulidi ba, kuma ina ganin nan ne matsalar Baban Sadiq take. Iska biyu ke mulkin wannan teku. Daga wajajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce, da suke kira kaskazi, lokacin ruwan yana kwanciya ya yi garau har kana ganin kifi. Daga Afrilu zuwa wajajen Oktoba kuma ta kudu ce, kusi, mai ƙarfi, tana farawa da damina a Afrilu da Mayu, teku ta yi ta hauka, ruwan ya gurɓace. A 'yan shekarun nan ƙarshen Rabi'ul Awwal yana faɗowa wajajen Satumba, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, wato yana ƙara shiga cikin kusi. Saboda haka lokacin da Hajiya take so ba shi ne lokacin da teku ta fi kyau ba. Yara za su yi wasa a rairayi, amma fita cikin jirgin katako zuwa nesa zai iya zama wahala ga wanda bai saba ba.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne, amma mu a watan Agusta muka je, kuma iskar ta rage zafi ƙwarai, har dare sai mun rufa. Ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba, ko da ruwan bai yi garau ba abin mamaki ne. Kuma a makon Maulidi ana tseren jakuna da tseren jiragen ruwa da gasar iyo da musabaƙar Alƙur'ani, ina ganin yaran za su fi tuna waɗannan. Ga abinci kuma ba fargabar halal: shinkafa da madarar kwakwa, da gasasshen kifi da aka shafe da miyar kwakwa, da wani soyayyen burodi mai ɗan zaƙi da ake kira mahamri wanda ake ci da safe. Sai dai yajinsu bai kai namu ba, ku tafi da naku.

Baƙon_Kumasi:
Abin da ban ji an taɓo ba shi ne masauki a makon Maulidi. Jama'a suna zuwa daga Mombasa da Zanzibar da Komoros da Somaliya har da ƙasashen Larabawa, garin kuma ƙarami ne. Na zo ba tare da na kama ɗaki ba, wani mai shiga tsakani ya tare ni a bakin ruwa ya karɓi kuɗin kwana uku, ya kai ni ɗakin da ba ruwa a banɗakinsa, da na nemi a mayar mini da kuɗina ban sake ganinsa ba. Wani mai shago da na saya ruwa a wurinsa shi ya ji labarin, ya ɗauke ni ya kai ni gidan ɗan'uwansa na kwana biyu bai karɓi ko sisi ba. A kama masauki wata biyu kafin lokaci, kuma kada a ba kowa kuɗi sai an ga ɗaki.

Muridin_Ƙofar_Mata:
Akwai wani abu da ya dame ni a Shela wanda ya shafi tambayar farko. Gidaje da yawa na ƙauyen baƙi masu kuɗi daga Turai sun saye su sun gyara, farashi ya tashi, har 'ya'yan garin da dama ba sa iya mallakar gida inda aka haife su. Tuddan yashin nan da Maman Ilham ta ambata kuwa su ne ke riƙe ruwan sama da rijiyoyin tsibirin ke sha, kuma an daɗe ana jayayya da masu son yin gini a kansu. Ga sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021 a kan tudu, wadda masunta suka kai ƙara kotu saboda wuraren kamun kifinsu. Idan mun je a matsayin 'yan'uwa Musulmi, ya kamata kuɗinmu ya shiga hannun masu gari: a sauka a gidan baƙi na ɗan gari, a hau jirginsa, a ci abincin matarsa, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, musamman mata.

Abu_Ammar:
A wannan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Kuma na karanta cewa a Riyadha akwai tarin littattafan hannu na fiƙihu da nahawu da sauran fannoni, waɗanda aka ɗauki hotunansu domin adanawa da taimakon wani shiri na babban ɗakin karatu na Ingila. Wannan zan so in gani da idona, ko da ba zan zauna taron ba. Matsayina a kan Maulidi yana nan inda yake.

Baban_Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya da maiɗakina amsoshinku jiya da dare. Hajiya ta ce ita matakala ba ta dame ta ba tun da ta yi Safa da Marwa da ƙafarta, kuma labarin malamin da ya zauna da bayi ya ƙara mata son zuwa. Maiɗakina kuma maganar Injiniya ta tsaya mata, ta ce sai ta yi istihara. Abin da nake tunani yanzu shi ne mu yi kwana uku a tsohon gari a ɗakin ƙasa kusa da Riyadha, idan an tashi daga Maulidi mu koma Shela kwana uku, amma maganar iska da Uwar Biyu ta kawo ta sa ina tunanin ko in kai Hajiya ita kaɗai bana, in bar yaran sai hutun Disamba na wata shekara, idan aljihu ya yarda.

Uwar_Biyu:
Idan ka raba tafiyar, kuɗin jirginka daga Najeriya zai zama biyu, kuma shi ne mafi tsada a cikin lissafin.

Dattijon_Zango:
Ɗana, ni da za ka ji tawa, kada ka raba jika da kakarsa a irin wannan tafiya. Amma ka bari maiɗakinka ta gama istihararta tukuna.

Bazazzagiya:
Ɗalibi, don Allah a cikin kwanakin Maulidin akwai asibiti ko kantin magani da ke buɗe a tsibirin, ko sai an tsallaka ruwa? Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini kullum.

Ɗalibi_a_Mombasa:
Akwai babban asibitin gunduma a kan tsibirin, a hanyar da ke tsakanin gari da Shela, akwai kuma kantunan magani a babban lungun kasuwa. Duk da haka ki taho mata da maganinta na dukan kwanakin har da ƙari, a cikin jakar hannu, tare da takardar likita, ku kuma nemi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin ku taso.